Madagaska: Gabas Ruwa, Kudu Fari

Yau Madagaska za mu leƙa, babban tsibirin nan na tekun Indiya, gabas da Mozambik.

Tsibiri ɗaya ne, amma rabon ruwansa ba ɗaya ba ne. Iska kan taso daga teku ɗauke da hadari, ta ci karo da tsaunukan gabas, ta juye ruwanta a nan. Shi ya sa gabas daji ne mai duhu, kore shar rani da damina.

To, ku biyo ni yamma. Nan iskar ta riga ta bushe, nan ne ƙasar kuka, dangin wadda muke miya da ita. Yawancin irin kukar duniya a Madagaska kaɗai suke. Kusa da garin Morondava za ku gan su jere a bakin hanya, dogaye, jiki sumul, rassa can ƙoli.

Kudu kuwa ƙaya ce da fari. A 2021 yunwa ta gallabi mutanen can.

Amma dajin gabas ne ya fi damuna. Manomi na sarewa, yana ƙonawa, don ya shuka shinkafa. Mai gawayi na bin baya. Ruwa kuma na kwashe jar ƙasa zuwa koguna.