Baƙin Hunturu: Tsuntsayen Arewacin Duniya a Fadamun Haɗeja da Nguru



Duk wanda ya tashi a ƙauyen ƙasar Hausa ya san shamuwa. Da zarar an gan ta ta sauka bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari tana harhaɗa kirare, to manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi, ko da kuwa babu ɗigon hadari a sama. Idan kaka ta yi sai a neme ta a rasa, ta tafi kudu, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka inda damina ke farawa. Wannan ilmi ne tsoho, ba a makaranta aka koye shi ba. Abin da bai shahara ba shi ne, daidai lokacin da shamuwa ke ban kwana, waɗansu baƙin ne ke sauka daga arewa, daga bayan Sahara da Bahar Rum, su yi hunturu a nan har zuwa watan Maris. Su ne abin magana a yau: su wane ne, yaya ake ƙidaya su, kuma me ya sa ƙidayarsu ta shafi ɗan Nijeriya wanda ko kusa bai damu da tsuntsu ba.

Turawa kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. Aristotal, duk da zurfin iliminsa, ya ɗauka cewa waɗansu ɓuya suke yi cikin ramummuka su yi barci har sanyi ya wuce, waɗansu kuma rikiɗa suke yi su koma wani tsuntsun dabam. Har cikin ƙarni na 18 akwai manyan masana da suka yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ta zo ne a shekarar 1822, sa'ad da aka harbo wata farar shamuwa a kusa da garin Kuluz na arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka ya huda wuyanta, ta taso da shi tun daga nan har can. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostok. Watau dai wani maharbi na wannan nahiya, wanda ba a san sunansa ba, shi ya warware wa malaman Turai gardamarsu. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a Danmak mai suna Mortensen ya fara ɗaura wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk inda aka tsinci tsuntsun a san daga inda ya fito. Wannan dabara ce ta zama ginshiƙin binciken ƙaurar tsuntsaye.

Yawan matafiyan nan ya wuce tsammani. Reginald Moreau, a littafinsa da ya fito a 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kimanin miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka kowace shekara daga Turai da Asiya. Lissafin baya-bayan nan ya rage adadin, amma har yanzu ana maganar dubban miliyoyi ne. Da yawa daga cikinsu ba su fi babban yatsa girma ba, ga kuma hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000 a gabansu, babu ruwa, babu inuwar kirki. Duk wanda ya tsallake, abin da ya fara nema shi ne ruwa, kuma a gefen Sahara ta kudu wuraren da ruwa ke kwanciya cikin rani ba su da yawa: bakin kogin Sanagal, da fadamun kogin Kwara a ƙasar Mali, da Tabkin Cadi, sai kuma fadamun Haɗeja da Nguru.

Waɗannan fadamu na ƙarshe, waɗanda ke tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, sun samu ne saboda kogin Haɗeja da na Jama'are suna shigowa cikin tsofaffin tuddan rairayi, sai ruwan ya rasa hanya guda, ya rarrabu, ya malala bisa ƙasa kafin ya sake haɗuwa ya zama kogin Yobe ya nufi Cadi. Ambaliya takan kai ƙarshenta wajen watan Satumba, sa'an nan ta riƙa ja da baya a hankali, tana barin tafkuna da laka cike da ƙwari da irin ciyawa da zubabbiyar shinkafa. Daidai wannan lokaci ne baƙin ke isowa.

Wanda ya tsaya a bakin tafkin Dagona da sanyin safiya cikin watan Janairu, kafin hazo ya rufe, zai fara gane 'yan gida: kirinjijiya da fitonta, dinya, zalɓe tsaye kamar an dasa shi, balbela, jinjimi. Amma cikin garken zai ga waɗansu ƙananan agwagi, namijin da farar gira mai lanƙwasa tun daga ido har ƙeya. Ita ce Turawa ke kira gargani, a Turai da Rasha take ƙyanƙyasa, kuma tana cikin mafiya yawan baƙin agwagi a wannan yanki. Akwai wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini kamar allura. A bakin laka kuwa ga dubban tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launin ƙasa-ƙasa, suna tashi tare suna juyawa tare kamar hayaƙi. Waɗannan su ake kira raf. A can ƙasar haihuwarsu namijin yakan fid da wani tulin gashi a wuya, kowane da irin launinsa, su taru a fili suna taƙama gaban mata. Amma a nan cikin tufafin tafiya ake ganinsu, ba ado ko kaɗan, suna tsintar shinkafa bayan girbi.

Ƙidayar irin wannan taro aiki ne mai ƙa'ida. Asalinta a Amurka ne, inda a shekarar 1900 Frank Chapman ya ba da shawarar a daina gasar harbin tsuntsaye ranar Kirsimeti, a koma gasar ƙirga su. Mutum 27 ne suka amsa kiran a wannan shekara. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta ƙasa da ƙasa kuwa an fara ta a 1967, kuma a tsakiyar Janairu ake yin ta, domin a lokacin ne tsuntsayen suka fi zama wuri guda, ba za a ƙirga garke ɗaya sau biyu a ƙasashe biyu ba. Mai ƙidaya yakan kafa madubin hangen nesa, rana a bayansa, ya ƙirga goma ko ɗari sosai, ya riƙe girman wannan yanki a idonsa, sa'an nan ya auna sauran garken da shi. Ba ya rasa kuskure. Amma in an yi shi a wuri ɗaya, a wata ɗaya, ta hanya ɗaya, shekara da shekaru, to ko da adadin bai zama daidai ba, hawansa da saukarsa gaskiya ne.

A nan ne ya kamata a yi wa ɗalibai gargaɗi game da tsuntsun da ba a saba gani ba. Kowane mai kallon tsuntsaye yana da burin ya ga abin da wani bai gani ba, kuma buri yakan gyara wa ido abin da ya gani. Alal misali, akwai wata agwagwa ja-ja mai farin ido da farin ƙarƙashin wutsiya, wadda ta yi ƙaranci a duniya, kuma takan sauka a fadamun nan. Daga nesa, cikin ƙurar hunturu, tana iya rikicewa da wata. Saboda haka ba a karɓar "na gani" kawai. Sai an rubuta rana da sa'a da wuri, da nisan da ke tsakani, da inda hasken rana yake, da girman tsuntsun in an gwada shi da na kusa da shi, da siffar baki da launin ƙafa da irin kukansa, kuma a rubuta tun ana kallonsa, kafin a buɗe littafi, don kada hoton littafin ya shiga cikin tunani ya zauna. Yau da wayar hannu ke ɗaukar hoto da murya aikin ya yi sauƙi, amma ƙa'idar ba ta sake ba. Shaidar ƙarya guda in ta shiga littafi, sai ta yi shekara hamsin ana kwafe ta.

Ba kuma daga Turai kaɗai abin mamaki ke zuwa ba. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a Dutsen Jos wanda ba ya yin sheƙa, sai dai macen ta saka ƙwanta a sheƙar wani, ɗan ya tashi a can, ya koyi kukan masu riƙonsa. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya lura cewa kukan da wannan tsuntsu ke kwaikwayo bai yi daidai da na kowane tsuntsu da aka sani ba. Ya ce lalle akwai uban riƙon da ba a gano ba tukuna. Aka bi sawu cikin duwatsu har aka same shi, wani ɗan ja mai jan baya, aka ba shi suna a littattafan kimiyya a 1998. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ga shi an sami inda karin maganar ta zama hanyar bincike. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana cikin mazaunin wannan tsuntsu.

To, ina ruwan ma'aikacin gwamnati da duk wannan? A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro, wanda ya cika kowane shinge, ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Aka duba gida ba a ga dalili ba. Sai a 1974 aka tabbatar cewa ruwan sama ne ya gaza a yankin Sahel a 1968, inda tsuntsun ke yin hunturu. Watau tun kafin babban farin 1972 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa a Nijar da arewacin Nijeriya, tsuntsun nan ya riga ya kai labari. Tabkin Cadi ma, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai a shekarun da suka biyo.

Fari daga Allah ne, amma akwai abin da hannun mutum ya yi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a saman kogin Haɗeja. Ba wanda zai yi musun amfaninsu ga birnin Kano da gonakin Kadawa. Sai dai ambaliyar da a dā kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau ta ragu matuƙa. Abin da ya fi wannan muni shi ne sakewar yanayin ruwan. A dā yakan zo da ƙarfi ya tafi, ƙasa ta bushe. Da aka koma sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Kacala ba ta bar wa masunci wurin jefa taru ba, ba ta bar wa manomi gonar shinkafa ba, ta kuma zama makwancin jan-baki mai cinye hatsi. Agwagwar Turai buɗaɗɗen ruwa take so, daidai irin wanda masunci ke so. Inda ta ragu, to a duba kwandon masunci. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna abin da ruwa ke samarwa a fadamun nan ta noma da su da itacen wuta, suka gwada da abin da ruwa daidai wannan ke samarwa a babban aikin noman rani na sama, suka tarar fadama ta fi nesa ba kusa ba. Wannan lissafi ya cancanci ya zauna a teburin duk wanda ke sa hannu a takardar sakin ruwa.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. An kafa shirin kiyaye fadamun a 1987. Dagona ta shiga cikin gandun dajin ƙasa na yankin Cadi. A shekarar 2000 kuma tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar. Amma takarda ba ta cire kacala.

Akwai wata asara kuma da ta shafi masu nazarin harshe. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen tsuntsaye waɗanda ɗalibin jami'a na yau bai taɓa ji ba. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa, ta kusa ƙarewa a dajin Nijeriya. Ungulu, wadda a dā ba a raba ta da mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin masu fuskantar haɗarin ƙarewa mafi tsanani, kuma cinikin sassan jikinta don magani na cikin dalilai. Yaron da bai taɓa ganin ta ba, yaya zai gane an yi masa ungulu da kan zabo? Su kuma baƙin hunturu, masunta da maharban Haɗeja da na ƙasar Bade sun san su, suna da sunayen da suke kiransu da Hausa da Badanci da Barbarci, amma kaɗan ne aka rubuta tare da tabbatar da ko wane tsuntsu ake nufi. Aiki ne da ke bukatar mutum biyu a jirgi ɗaya, ɗalibin kimiyya da madubinsa, ɗalibin Hausa da littafinsa, tsohon masunci kuma a tsakiya yana nunawa. Haka nan zoben da akan samu a ƙafar tsuntsun da ya faɗa taru: lamba ce da adireshi, kuma in aka aika da lambar tare da rana da sunan wurin, ofishin da ya ɗaura shi yakan amsa da bayanin inda aka ɗaura da shekarar.

Wajen ƙarshen Fabrairu baƙin kan shiga ci ba ji ba gani. Binciken da aka yi a Malamfatori, bakin Tabkin Cadi, a ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa waɗansu ƙanana kan tara kitse har nauyinsu ya kusa ninkawa, kuma wannan kitse shi ne guzurinsu na ƙetare hamada. Tsuntsun da ya tarar da fadama a bushe ba zai tara shi ba, kuma ba zai isa ba. Waɗanda suka samu kan tashi da dare, cikin Maris da Afrilu, 'yan makonni kafin shamuwa ta dawo kan tsamiyarta.