Hasken Rana da Hanjin Ɗan Tsako

Yau maganarmu a kan 'yan tsaki ne, da wani aiki da ke gudana cikin hanjinsu wanda ido ba ya gani.

Wata shekara na sayi 'yan tsaki 30. Don tsoron shirwa na kulle su cikin ɗaki mai rufin kwano, ina ba su tsaki da dusa har da garin ƙashi. Da suka yi mako 3 sai na ga sun fara gurfana a kan gwiwa, in sun yi taku kaɗan su zauna. Na kama ɗaya, na taɓa bakinsa, sai na ji yana lanƙwasa kamar danyen kara. Na ce annoba ce. Ashe ba annoba ba ce, ni ne na hana su rana.

To, ina ruwan rana da ƙashi? Ku saurara.

Ƙashi da abu biyu ake gina shi, kalsiyam da fosfaras. Kalsiyam shi ne ke cikin farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Amma ku sani, abin da kaza ta haɗiye bai zama nata ba tukuna, sai ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. In bai ratsa ba, sai ya fita cikin kashi, an yi hasara.

A bangon hanjin nan Allah ya sa waɗansu ma'aikata ƙanana ƙwarai, masana suna ce da su enzayim. Kuna da irinsu a bakinku. Ku tauna dafaffen rogo, ku bar shi ya jima, za ku ji ya soma zaƙi. Wannan aikin enzayim ne na yawu. Na hanji kuwa, waɗansu suna warware abinci, waɗansu suna taimakon shigar da shi jini. Waɗansu daga cikinsu ba su yin kuzari sai sun sami umurni, mai kawo umurnin kuwa shi ne bitamin D.

Ga yadda yake tafiya. In hasken rana ya taɓa fatar kaza, watau ƙafafu da fuska da inda gashi bai rufe ba, sai fatar ta yi bitamin D. Jini ya kai shi hanta, hanta ta gyara shi. Daga nan ya tafi ƙoda, ƙoda ta ƙara gyara shi. Sa'an nan ne ya isa hanji kamar jakadan sarki, ya ce a tashi a kama aiki.

Ba dare ɗaya aka gane wannan ba. A 1919 wani likita na Ingila, Edward Mellanby, ya nuna man hantar kifi yana warkar da 'yan kwikwiyo masu taushin ƙashi. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya tabbatar abin da ke cikin man nan wani bitamin ne dabam, shi ne aka sa wa suna D. A 1922 da 1923 masanan Jami'ar Wisconsin suka nuna man kifi da hasken rana suna hana 'yan tsaki ciwon ƙafa. Amma yadda abin ke aiki a hanji bai fito sarari ba sai 1966, sa'ad da Wasserman da Taylor na Jami'ar Cornell suka ba 'yan tsaki masu taushin ƙashi bitamin D, suka duba hanjinsu, suka tarar da wani sabon abu mai kama kalsiyam, kamar ɗan dako mai ɗaukar kaya daga ƙofa zuwa cikin gida. Wajen 1970 kuma aka ga wani enzayim mai suna alkalin fosfatas, wanda ke ɓalle fosfaras daga inda yake ɗaure, yana ƙaruwa a bangon hanjin ɗan tsako bayan an ba shi bitamin ɗin.

Wannan ya shafe mu, gama gero da dawa da masara da dusa, yawancin fosfaras ɗinsu a ɗaure yake, ɗan tsako ba ya iya amfani da shi sosai. In ya sami bitamin D, abin da yake samu daga hatsin yana ƙaruwa. Kun ga ke nan, garin ƙashin da na zuba wa nawa kamar wanda ya tara hatsi ne a ƙofar rumbu, babu mai shigarwa.

Wani zai ce, "To, don me ba su gurgunce tun ranar farko ba?" Domin uwa ta sa musu guzurin bitamin cikin gwaiduwar ƙwai. Sai guzurin ya ƙare ne ciwo ya bayyana, cikin mako na 2 ko na 3.

Saboda haka ga abin da za ku yi. Ku fid da su su sha hantsi, cikin keji ko akurki mai rufin waya don shirwa, da inuwa da ruwa kusa, gama zafin tsakar rana yana kashe su. Hasken da ya ratso gilashin taga ba shi da amfani a nan, gilashi yana tare sashen da ke yin aikin. In kuwa tilas ne su zauna a ɗaki, ku sayi abincin da aka haɗa da bitamin, ku duba takarda ku ga an rubuta D3, domin D2 ba ya yi wa kaji aiki sosai. Kada ku wuce awon da aka rubuta, yawansa yana ɓata ƙoda. Kaza mai ƙwai ita ma haka, in ta rasa shi sai ɓawon ƙwanta ya yi taushi.

Nawa dai, waɗanda ba su yi nisa ba sun miƙe bayan na fid da su rana, sauran kuwa na yi hasararsu. Rigakafi ya fi magani. Gobe da hantsi kowa ya leƙa akurkinsa. Allah ya sa albarka a kiwo.