Marubuci Mai Gida Biyu: Darasi Daga Zangon Kumasi Zuwa Potiskum

 

An nemi in yi magana a kan marubucin da ya tashi tsakanin al'adu biyu. Wanda duk ya bi adabin zamani zai tuna da Jhumpa Lahiri, wadda aka haifa a Landan a 1967, iyayenta 'yan Bengal na Indiya, ta girma a jihar Rhode Island ta Amurka. A gida Bengali ake yi mata, a makaranta Turanci. Littafinta Interpreter of Maladies ya ci kyautar Pulitzer a 2000. The Namesake na 2003 kuwa labarin yaro ne ɗan Indiya da ya tashi a Amurka yana jin nauyin sunan da iyayensa suka raɗa masa.

To, mu ma muna da irinta, shi ne Mohammed Naseehu Ali, Bahaushen Kumasi da aka haifa a 1971. Fataken goro ne suka kai Hausawa ƙasar Gwanja, suka yi zango a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da yawansu suka gangara Kumasi. Ke nan tun Naseehu yana ƙarami yana da gida biyu: Hausa a zango, harshen Asante da zarar ya fita. Yana saurayi ya tafi Amurka, ya yi karatu a Interlochen ta jihar Michigan, sannan kwalejin Bennington. A 2005 ya fitar da The Prophet of Zongo Street, wasu labaran a zangon Kumasi, wasu a New York.

Labarinsa da ya fi shahara, "Mallam Sile", mujallar The New Yorker ce ta buga shi, kuma gwarzonsa mai shayi ne. Jama'a, wa ke cikin ɗakin nan da bai san mai shayi ba? Muna wuce teburinsa kullum a bakin tasha, mun san masu cin bashinsa, mun san 'yan unguwar da ke raina shi, amma sabo ya rufe mana ido. Sai da Naseehu ya yi nisa da zango, ya zauna cikin waɗanda ba su taɓa ganin teburin mai shayi ba, sannan ya ga cewa a kan wannan benci akwai haƙuri da mutunci da zalunci, wato duk abin da adabi ke nema. Nisa ya buɗe masa ido, zango kuma ya ba shi abin faɗa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ko da ya sauka a bishiyar wani gari.

Sai dai akwai asara, kuma wajibi ne in faɗe ta. Da Turanci aka rubuta labarin, don haka mai shayin da aka yi dominsa da wuya ya karanta shi. Ita ma Lahiri ta bayyana cewa tana jin Bengali amma ba ta iya karanta shi ko rubuta shi. Daga baya ta koma birnin Rum ta kama rubutu da Italiyanci. Kada kuma wani ya ce rubutu da harshen gida yana tsare marubuci a gida. Balaraba Ramat Yakubu da Hausa ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a Kano, kuma kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Ƙannena, yaron da ya tashi a nan Potiskum ba ya buƙatar biza kafin ya zama mai gida biyu. Kakarsa na yi masa Bolanci ko Karekare ko Ngizim ko Fulatanci, abokansa Hausa, malamin allo Larabci, malamin boko Turanci. Kasuwar shanunmu tana tara mutane daga nesa da kusa, direbobin manyan motocinmu sun san hanyar Legas da Fatakwal kamar tafin hannunsu. Wa ya rubuta labarinsu? Wa ya rubuta abin da garin nan ya gani a shekarun tashin hankali, da yadda mutanensa suka sake buɗe shagunansu?

Kirana gare ku shi ne ku zauna da tsofaffi tun suna raye, ku koyi rubuta harshen da aka yi muku reno da shi, ku rubuta da Hausa, wanda ya iya Turanci kuma ya fassara. Iyaye, ku riƙa yi wa 'ya'yanku harshen gida. Malamai, ku ba ɗalibai takarda da lokaci su rubuta unguwarsu. Allah Ya sa a cikin ɗakin nan akwai wanda zai kai labarin Potiskum duniya.