Wasiƙa Ba Ta da Murya



Maganar da muka kawo yau ƙarama ce a ido, amma ta kusa raba mutum biyu da suka shekara goma suna hidima tare. A wata ikkilisiya da muka yi aiki, magatakarda ya aika wa ma'aji imel mai layi ɗaya: "Ina rahoton baiko? Dattawa suna jira." Sauri kawai yake yi, shi ya sa bai ko gaishe shi ba. Ma'aji kuwa ya karanta da dare a gajiye, sai ya ji kamar ana zarginsa da cin kuɗin Ubangiji. Kashegari ya kawo littafin kuɗi ya ajiye, ya ce a nemi wani. Wata uku muka yi muna sulhu a kan kalmomi shida.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, imel ba ya ɗauke da fuska, ba ya ɗauke da murya. Mai rubutu yana jin muryarsa cikin kansa, sai ya ɗauka mai karatu ma zai ji ta. Mai karatu kuwa da irin halin da yake ciki yake karantawa.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2005, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu a Amurka suka sa mutane su aika da jimloli, waɗansu na gaske, waɗansu na gatse. Masu aikawa ta imel sun zaci za a gane nufinsu kusan kashi 80 cikin 100, amma kashi 56 kacal aka gane, wato kamar canke. Da aka faɗi jimlolin da baki, an gane fiye da kashi 70. A 2008 kuma Kristin Byron ta yi bayani cewa imel mai fara'a yakan iso kamar ba yabo ba fallasa, wanda ba yabo ba fallasa kuma yakan iso kamar faɗa.

Mu masu rubutu da Hausa, namu ya fi wuya, gama rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. In an rubuta "ya zo", ko labari ne cewa mutumin ya iso, ko umarni ne a ce masa ya zo. "Sannu da aiki" yabo ne, amma kowa a nan ya san yadda ake faɗinsa ya zama baƙar magana.

Manzanni ma sun san wannan damuwa. A Galatiyawa 4:20 Bulus ya yi fatan yana tare da su domin ya sauya muryarsa. Da ya rubuta wa Afisawa, ya aiki Tikikus ya gaya musu lafiyarsa da baki, ya kuma ƙarfafa zukatansu. Yahaya, a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu, ya fi son ganawa ido da ido a kan takarda da tawada.

Saboda haka muna roƙonku abu huɗu. Na fari, mu fara kowace wasiƙa da gaisuwa, yadda muke yi in mun shiga gidan mutum. Na biyu, in saƙo ya ɓata mana rai, kada mu amsa a ranar. Mu kwana, mu sake karantawa da muryar ɗan'uwan da muka sani. Na uku, zancen kuɗi, horo da gargaɗi, a yi shi baki da baki, ko a buga waya, sa'an nan a rubuta abin da aka shirya. Na huɗu, kada mu tura wa jama'a wasiƙar da ta yi mana zafi kafin mu ga mai ita shi kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya koya mana.

'Yan'uwa, ikkilisiyoyinmu ƙanana ne. Inda ake da dattawa biyar, in ɗaya ya yi fushi ya tafi, kowa zai ji giɓinsa ran Lahadi. Ma'ajin nan ya komo bakin aikinsa, amma sai da magatakarda ya taka har gidansa, ya zauna, ya tambayi lafiyar iyali, sa'an nan ya maimaita tambayar nan da bakinsa.

Ubangiji ya ba mu haƙuri da juna. Amin.