ABIN DA KE RUBUCE A ƘIRJIN MAZAN JIYA

Dattawa, iyayenmu, da ku ƴan'uwa masu zaman ci-rani a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, Allah shi ba mu alherin wannan taro.

Maganata ta yau a kan lambobin girma ce, waɗanda tsofaffin sojojinmu suka bar muna cikin adaka. Wasu yara suna wasa da su, wasu kuma suna sayar da su ga dillalan kayan da. To, ku saurara ku ji abin da ake sayarwa.

Tun 1919 Faransa ta ɗora ma ƙasashenta na Afirka ta Yamma aikin soja na tilas, shekara 3. Kumandan shi ne ke faɗin yawan samarin da yake so, sarki kuma ya tattaro su. Ko daga wace ƙasa saurayi ya fito, sunan rundunarsa ɗaya ne, tirayar na Senegal. Cikinsu akwai waɗanda suka tari Jamus a 1940, akwai waɗanda suka sauka gaɓar Furobans, kudancin Faransa, ran 15 ga Agusta 1944. Ƙannensu kuma aka kai su Indoshin da Aljeriya.

Kowace lamba da labarinta. Kuros ɗin tagulla mai takuba biyu, da ƙyalle ja mai zanen kore, shi ne Croix de guerre na yaƙin 1939 zuwa 1945. Ba a ba mutum shi sai an ambaci sunansa saboda jaruntakar da ya yi a filin daga. Ku dubi ƙyallen da kyau. Tauraron tagulla yana nufin shugaban ƙaramar runduna ne ya yabe shi, na azurfa daga babbar runduna ne, reshen ganye kuwa shi ne yabo mafi girma. Taurari biyu, yabo biyu ke nan.

Lamba mai ƙyalle rawaya da kore a gefe ita ce Médaille militaire, wadda aka ƙago a 1852 domin ƙananan sojoji da su sarsan. Ana ba da ita saboda bajinta, ko rauni, ko daɗewa cikin aiki. Mai ƙyalle shuɗi da fari kuma ita ce Médaille coloniale. A kanta akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta sunan ƙasar da sojan ya yi yaƙi. Wanda ya iya karatu, ya karanta ma gidansu.

Amma jama'a, lamba ba ta cika rumbu. Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tirayar da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman kuɗin aikinsu. A Disamba 1959 kuma aka yi dokar da ta tsai da fanshon sojojin Afirka wuri ɗaya, na abokansu Faransawa yana ta hauhawa. Sai a 2007 aka fara daidaitawa, aka ƙarasa a 2011, bayan yawancin masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka lambar nan shaida ce ta abu biyu, jaruntakar mai ita da bashin da aka daɗe ba a biya shi ba.

Ga roƙona gare ku. Kada ku raba lamba da littafin soja da takardar yabo, domin a cikinsu ne suna da runduna da shekara suke. Kada ku wanke ƙyallen, kada ku goge ƙarfen da toka ko yashi. Ku naɗe su cikin tsumma mai tsabta, nesa da gara da damshi. In akwai tsohuwar da ta san labarin mai lambar, ku zauna da ita tun tana da rai, ɗan makaranta ya rubuta.

Allah shi jiƙan mazan jiya, shi sa aljanna makomarsu. Wassalamu alaikum.