Sunan Iyali: Daga Maƙerin Ingila Zuwa Manomin Haɗeja

Laccar wannan wata a kan suna take, daga inda ake samo shi da amfanin riƙe shi da kyau.

A shekarar 1970 aka kafa gidan adana tarihi na Arewa House a Kaduna. Wanda ya jagoranci kafa shi wani Baturen Ingila ne da ya musulunta, Farfesa Abdullahi Smith. Ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rasu a 1984. To mene ne ma'anar Smith? Ma'anarsa maƙeri. Da Bahaushe ne, sai a ce Abdullahi Maƙeri.

A da can, mutumin Ingila suna ɗaya yake da shi. Bayan shekarar 1066, da mutanen Nomandi daga Faransa suka ci ƙasar da yaƙi, aka ƙara himma wajen rubuta masu gonaki da masu biyan haraji. A ƙauye ɗaya sai a sami mutum biyar masu suna John. Dole a bambanta su. Wani aka kira shi da sana'arsa, wani da garinsu, wani da sunan ubansa. Zuwa wajen 1400, yawancin gidaje sun sami sunan da ake gāda. Kowane ƙauye yana bukatar mai ƙera masa kayan noma, shi ya sa Smith ya fi kowane suna yawa a Ingila. Haka Taylor yake nufin maɗinki, kuma daga kalmar ne Hausawa suka samo "tela". Johnson kuwa ɗan John ke nan.

A ƙasar Hausa ma hanyoyin ke nan. Akwai sunan gari, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Makarantun boko sun yaɗa wannan, don a aji ɗaya akan sami Muhammadu da yawa. Akwai sunan sarauta, kamar Turaki da Lamiɗo. Akwai na haihuwa: Ɗanjuma wanda aka haifa ran Juma'a, Tanko wanda ya biyo mata, Gambo wanda ya biyo tagwaye. Ita kanta Haɗeja, masu tarihin baka sun ce daga sunan wani mafarauci Haɗe da matarsa Jiya ta samo suna.

Amma akwai bambanci ɗaya babba. Sunan Bature ba ya canzawa. Jikan jikan Smith ma Smith ne, ko bai taɓa riƙe guduma ba. Bahaushe kuwa sunan mahaifinsa yake ɗauka, kamar yadda Musulunci ya koyar. Ɗan Ibrahim shi ne Musa Ibrahim, ɗan Musa kuma Sani Musa. Mace ma sunan mahaifinta take amsawa ko bayan aure. Wannan tsari ne mai kyau, don yana kiyaye asali.

Inda matsala take shi ne wajen rubutu. Ga misali. Manomin shinkafa a fadamar Auyo, a katin ɗan ƙasa an rubuta masa Musa Ibrahim. A banki Musa Ibrahim Auyo. A ƙungiyar manoma kuma Musa Tanko. A gari kowa ya san mutum ɗaya ne, amma takarda ba ta sani ba. Ranar da rancen taki ya fito, sai a ce sunaye ba su yi daidai ba. Kafin a gyara, damina ta yi nisa. Haka yake faruwa a takardar gona da ta makaranta da ta aikin Hajji.

Saboda haka, maigida ya zauna da iyalinsa a tsayar da yadda za a rubuta sunan kowa. Bayan suna, a kai jariri a yi masa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Duk takardar da aka ba mutum, ya karanta sunansa harafi-harafi kafin ya sa hannu. Wanda bai iya ba tukuna, ajin yaƙi da jahilci yana nan, kuma darasin farko shi ne rubuta suna.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.