Ƙarin Ruwa da Gishirin Jini: Inda Gaggawa Ke Taɓa Ƙwaƙwalwa

Shugaban taro, masu unguwanni, malaman asibiti, iyayenmu maza da mata na Rijiyar Lemo da kewaye.

Babu maganin da jama'armu suka amince da shi kamar ƙarin ruwa. Daga nan bakin titin Katsina har cikin Sabon Gari, da zarar mutum ya galabaita, tambayar farko da dangi ke yi ita ce leda nawa aka ƙara masa. Matsayina shi ne, idan gishirin jinin majinyaci ya daɗe da sauka, ƙara masa ruwan gishiri ba tare da maimaita gwaji ba ganganci ne, domin gyaran da ya yi sauri yana iya lalata ƙwaƙwalwar da cutar kanta ba ta lalata ba.

Gishirin da nake nufi shi ne sodiyam. A jinin mai lafiya yana tsakanin 135 da 145 a ma'aunin milimol cikin lita. Idan ya sauka, ruwa yakan kwarara cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya miƙewa. Sai ƙwaƙwalwa ta kare kanta: cikin kamar kwana biyu takan fitar da fotashiyam da wasu sinadaranta, ruwan ya bi su, kumburin ya saɓe. Shi ya sa za a ga dattijo da sodiyam 115 yana zaune yana amsa gaisuwa. Matsalar ita ce, sinadaran da ta fitar ba sa komawa sai bayan kwanaki. Idan aka ɗaga gishirin jini farat ɗaya, ruwa zai tsotse daga ƙwayoyin su ƙanƙance, rufin kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyi, kamar robar da ke kan wayar lantarki, ya zube. Wurin da abin ya fi ci shi ne fons, a gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyoyin magana da haɗiya da motsin gaɓoɓi suke ratsawa.

Likitoci uku a Amurka, Adams da Victor da Mancall, su ne suka fara bayyana wannan lahani a 1959, a cikin mashaya giya da masu tamowa, amma ba su gano musabbabinsa ba. A 1986 Richard Sterns da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya ɗaure shi da saurin gyaran sodiyam. Abin da ya sa yake ɓuya shi ne ba ya bayyana nan take. Majinyaci yakan farfaɗo, ya ci abinci, a yi hamdala, sai bayan kwana biyu zuwa shida harshe ya yi nauyi, ruwa ya fara shaƙe shi, hannuwa da ƙafafu su mutu. Wani yana ji yana gani amma ido kaɗai yake iya motsawa. A wajenmu, mai irin wannan yanayi za a ce shanyewar ɓarin jiki ce, ko iska, ko sammu, ba wanda zai tuna da ledojin makon jiya.

Waɗanda suka fi shiga haɗari kuwa muna da su a gidajenmu: wanda sodiyam ɗinsa ya kai 105 ko ƙasa, mai ƙarancin fotashiyam, mai tamowa, mai ciwon hanta, mai shan giya. Ku ɗauki tsohuwa mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, ta yi mako tana amai da gudawa, ba ta shan komai sai ruwa zalla da ɗan koko. An ɗaura mata ruwan gishiri na yau da kullum, mai sodiyam 154 a lita. Da jijiyoyinta suka cika, jiki zai daina sakin sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa, sai ta shiga fitar da fitsari mai yawa, fari tas. Masu jinya za su yi murna wai ƙoda ta buɗe, alhali a daidai wannan sa'a sodiyam yake tashi fiye da lissafin kowa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Turai suka fitar a 2014 ta ce kada tashin ya wuce 10 a awa 24 na farko, sannan 8 a kowace rana bayan haka, masana a Amurka kuma suka tsaya kan 8 ga masu haɗari.

Wani zai ce jan ƙafa ma yana kisa, kuma gaskiyarsa. A waccan shekara ta 1986 Allen Arieff ya ba da rahoton mata 15 masu lafiya da sodiyam ɗinsu ya faɗi bayan tiyata, wasu suka mutu, wasu ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Mai jijjiga ko suma ana ba shi ruwan gishiri mai ƙarfi, na kashi 3 cikin ɗari, mililita 150 cikin minti 20, har sodiyam ya tashi da kamar 5, sannan a taka birki. Wannan ɗan tashin ya isa ya sauke kumburi, ba sai an kai shi 135 a dare ɗaya ba. Haka mai kwalara da aka kai Asibitin Zana jininsa ya faɗi, dole a zuba masa ruwa da sauri, ba a jira sakamakon gwaji. Kada wani ya fita daga zauren nan ya hana a ƙara wa ɗan'uwansa ruwa ya ce ni na faɗa.

Hujja ta biyu da za a kawo mini ta fi nauyi. Wani bincike daga asibitoci biyar na Toronto a Kanada, wanda aka wallafa a 2023, ya duba kwanciya 22,858 ta masu ƙarancin sodiyam, ya samu mutum 12 kacal da wannan lahani, bakwai daga cikinsu ma ba a yi saurin gyara musu ba. Na yarda abin ba ya da yawa. Sai dai mafi yawan mutanen da aka duba sodiyam ɗinsu bai yi mugun sauka ba, kuma suna kwance a inda ake maimaita gwaji, inda ake iya mayar da sodiyam ƙasa da ruwan sukari da allurar desmofiresin idan ya zarce. Ba a auna mai tamowa da ke kwance a bayan kemis da wannan mudu.

Saura maganar kuɗi, domin iyali ne ke biyan kowane gwaji. A nan ma akwai abin yi. Duk wanda ya rikice, ko barci ya yi masa nauyi bayan doguwar gudawa ko maganin fitsari, a auna sodiyam da fotashiyam kafin leda ta biyu. Idan ya yi ƙasa da 120, wurinsa asibitin da ke iya maimaita gwaji duk bayan awa huɗu zuwa shida, irin su Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da takarda mai ɗauke da sakamakon farko, da lokacin da aka ɗebi jinin, da adadin ledojin da aka riga aka ƙara. Auna fitsari kuwa ba ya cin ko kwabo: idan ya wuce mililita 100 a awa, malamar jinya ta kira likita a sake ɗibar jini.